Gwaggo Habsu da Maganin Ƙiba

Duk wanda ya taɓa shiga gidan Gwaggo Habsu a Dogon Dutsi ya san ba a gaisawa da ita da baki kawai. Kana cikin "ina kwana" hannunta ya riga ya kai dantsenka. Ta matsa, ta murza, kamar mai tayin rago ranar kasuwa, sannan ta yanke hukunci. In ta ji tsoka sai ta ce, "Madalla, gidanku ana ɗora tukunya." In kuwa yatsunta suka ci karo da ƙashi, sai ta saki da sauri, ta goge hannu a zane, ta ce, "Ƙashi rabon kare na. Zamna a dama maka hura."

Ku da kuka san ta, kowa ya shafa dantsensa. Na san har yanzu wurin yana tunawa.

Ni na fi kowa shan wannan matsa. Ni ce Zalika, ɗiyar ƙanenta, a hannunta na tashi har na gama kolej. Ba ta taɓa kirana da sunana ba sai in ranta ya ɓaci. Tsinke take ce mini. Ta ba ni fura, ta ba ni kunun kanwa, ta ba ni tuwo yana iyo cikin man shanu, na cinye tas, ban ƙaru da ko ƙwayar gero ba. Ta kan dube ni ta girgiza kai ta ce, "Duk garin ga ke kaɗai kinka ɓata mini suna."

Suna kuwa tana da shi, don kiwon masu jego ne sana'arta. In mace ta haihu ta rame, dangi su kawo ta hannun Gwaggo, kafin arba'in ta fito tana sheƙi, wuya ya yi guru-guru. An ce wani mutumin Dumega ya zo ɗaukar matarsa, ya tarar da ita a bakin ƙofa, ya rusuna ya ce, "Sannu Hajiya, don Allah kira mini Rabi." Rabin ce. Gwaggo ta ba da wannan labari har muka haddace shi.

Ita kanta ita ce allon tallar sana'ar. Zanen Arawa da ke kumatunta, wanda a fuskar kowa siriri ne, a tata fuskar ya yi faɗi kamar kunyar gona. Ƴan kabu-kabu masu babur in suka hango ta ta nufo bakin gudro, wato kwalta, sai kowa ya sunkuya yana duba tayarsa. Wata rana ta tsaya kan wani ta ce, "Yaro, kasuwa." Ya ce, "Wallahi Gwaggo, tanki ya bushe, ba ni da esansi." Ta ce, "Esansi kana da shi, zuciya ta ba ka da. Allah shi ba ka mata irina, mu ga inda za ka ɗora ta." Ya ce amin da ƙarfi, har ta yi dariya ta ba shi goro. Daga nan amalanken jaki take hawa, ta zauna a tsakiya, ta ce jaki ya fi su tarbiyya, bai taɓa ce mata ba shi da esansi ba.

To, gwiwa ba ta san suna ba. A hankali gwiwoyinta suka fara ƙara, suka kumbura, har ya zama in ta durƙusa ba ta iya tashi. Sujada ta gagara. Ta koma salla a zaune. Kujerar roba ta farko ta buɗe ƙafafu ta zube da ita a raka'a ta biyu, ta biyun ma haka, sai aka kifa mata babban turmi a gindin darbejiya, nan take zama ta yi ruku'u da sujada da kai. Liman ya aiko mata cewa babu laifi, Allah ya yi wa marar lafiya rangwame. Gwaggo, wadda kan tayin albasa sai ta sa mai albasa ya yi rantsuwa, ta ce, "Ku ce ma Malam na gode. Rangwame wurin ƴan kasuwa nike nema nai. Wurin Allah cikakke nike so in biya." Muka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta shafa goshinta ta ce a hankali, "Wanga goshi ya manta ƙasa." Wannan shi ne abin da ke cinta, ko da yake ba ta ƙara faɗa ba.

Ɗanta, Yaya Sumaila, da ke aiki a Yamai, shi ya matsa ta waya sai na kai ta likita. Lokotoron da muka tarar saurayi ne, Bazabarme, siriri kamar ni, Hausarsa ta kasuwa. Kafin ya ce komai ta matsa dantsensa, ta dube ni ta ce, "Tsinke, ga mijinki." Ya sa ta hau balas, ma'aunin nauyi, allurarsa ta zagaya ta kai ƙarshe ta tsaya tana rawa. Gwaggo ta ce, "Balas ɗinka yaro na, kawo babba." Aka turo babban da ake auna buhuna da shi. Ya duba, ya auna tansiyo, wato hawan jini, ya taɓa gwiwar, ya zauna ya ce, "Mama, zan rubuta miki maganin ƙiba."

Ban taɓa ganin fuskarta ta yi haske irin na ranar ba. Ta ce, "Allah shi yi ma albarka. Ka ga yaro mai ilimi. Dubi ɗaya yay yi ya gane na hwara zubewa."

Ya ci gaba da bayani, rabi Hausa rabi Faransanci: ƙwaya ce, a sha da abinci, tana hana jiki riƙe wani kaso na mai, don haka a rage mai, a rage suya, in ba haka ba za a ga abin da ba a so. Gwaggo tana ta gyaɗa kai, ba ta ji ko ɗaya ba. Ita dai ta ji maganin ƙiba.

Ni ba na iya ɓoye magana, kun san ni. Muna fita na ce, "Gwaggo, na rage ƙiba ne fa. Ramar da ke za ya yi."

"Ke yi mini shiru. Mi yac ce?"

"Maganin ƙiba."

"To. Maganin ƙarhi mi shike yi?"

"Ƙara ƙarfi."

"Maganin haihuwa hwa?"

"Gwaggo, maganin ɓera fa? Ɓeraye yake ƙarawa?"

Ta tsaya cak a tsakiyar hanya. "Zalika. Ni ɓera ta?"

Na karanta mata takardar da ke cikin kwalin, na juya mata da Hausa kalma bayan kalma. Ta ce Faransancina na kolej ne, na lokotoro na Yamai ne, kuma gwiwa tana ciwo ne saboda ta rasa matashi, in an ƙara mata tsoka za ta yi shiru. Na ce to, bismilla.

Ranar da ta fara sha ta zo daidai da wani suna a Ɗan Kassari. Mai jegon kiwon Gwaggo ce, don haka ita ce babbar baƙuwa. Ta ɗaura sabuwar shadda fara. Na ce mata a cikin mota, "Gwaggo, in kin sha ƙwayar nan kada ki ci mai." Ta ce, "Magani shina son abin aiki. Ka kai magini ba ka ba shi laka ba?" Aka kawo shinkafa da naman rago, ta haɗiye ƙwaya biyu maimakon ɗaya, ta sa aka ƙara mata man shanu ludayi guda, ta bi da kitsen da kowa ya ture gefe.

Ba zan faɗi abin da ya faru dalla-dalla ba, Gwaggona ce. Abin da zan ce kawai, bayan la'asar matan Ɗan Kassari suka ga Gwaggo Habsu ta miƙe a hankali, ta ja da baya, ta manna bayanta da katanga. Aka ce ta zo ta zauna a tabarma, ta ce ta fi son tsayuwa. Aka ce ta zo ta ɗauki jariri, ta ce a kawo mata shi nan. Mace mai ciwon gwiwa ta tsaya jikin katanga kamar ƙadangare har rana ta yi sanyi. Da ta kira ni, ba ta ce Tsinke ba. Ta ce, "Zalika, ara mini mayahinki, kuma in kinka yi dariya na tsine miki." Na cije leɓe har ya fashe.

Washegari ta sa na kai ta likita. Ta dire kwalin a teburin lokotoro ta ce, "Wanga ba magani ba na, ɓarawo na. Mai na ci, nawa, halalina, ya bi ya tattara ya hid da shi ta ƙohwar baya. A kan shadda." Bawan Allah ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Ya ce, "Mama, ai na ce a rage mai." Ta ce, "Ka ce maganin ƙiba. In kana nuhin maganin rama, ka ce maganin rama. Wa ya koya maka Hausa?" Har yau in na ji an ce maganin ƙiba sai na tambaya, na wane ɓangare?

Ba ta ƙara sha ba. Ba ta kuma yarda a zubar ba, wai da gumin Sumaila aka saya. Ta soke kwalin a rufin ɗaki, ta koma turminta. Gwajin jinin da aka yi mata ya fito, ya nuna sukari ya hau. Lokotoro ya ce akwai wata allura da ake yi sau ɗaya a mako, tana sauke sukari, tana kuma rage son abinci, in Sumaila zai iya samowa daga Yamai shi zai riƙa duba ta. Gwaggo ta ce ko a kyauta. Na yi faɗa, na yi lallashi, lallashin ma da faɗa ya ƙare don ban iya shi ba. Sumaila ya yi waya har ya gaji.

Jumma ce ta karya ta. Kun san Jumma, Bafillatar da ke kawo mata man shanu da nono daga rugarsu ta wajen Dumega, tsohuwa ƴar firit, wadda ba su taɓa haɗuwa da Gwaggo ba su zagi juna ba. Wasan Arawa da Filani ne, sun gaje shi. Gwaggo ta ce mata sandar kiwo, ita ta ce wa Gwaggo rumbu. Rannan la'asar ta sami Jumma a gidanmu, ta yi alwala, ta shimfiɗa ɗankwali kusa da turmin, suka tayar da salla tare. Jumma ta sauka ta tashi kamar tsuntsuwa, Gwaggo tana sama tana gyaɗa kai. Da suka sallame, Jumma ta kakkaɓe goshinta ta ɗaga ido ta ce, "Kai, Ba'ara, girman kai ya yi yawa. Yanzu ko Allah ba ki duƙa mai?"

Na jira amsa. Kowa a gidan ya jira. Gwaggo ba ta taɓa barin Jumma ta tafi da kalmar ƙarshe ba. Sai ta sunkuyar da kai ta shafa goshinta. Jumma ta ga abin ya wuce wasa, ta ɗauki ƙwaryarta ta sulale. Bayan magariba Gwaggo ta ce, "Tsinke, kira mini Sumaila. Shi aiko da abin nan."

Allurar ta zo cikin ƙanƙara. Kama take da bik, alƙalamin rubutu, don haka Gwaggo ta raɗa mata suna Bik ɗin Lokotoro. Ba mu da firigo, injin sanyi, sai muka ba maƙwabciyarmu mai sayar da ruwan sanyi ajiya, in wutar kuran ta ɗauke Gwaggo ta fi mai firigon shiga damuwa. A likita aka koya mini yadda ake yi. Ranar farko na tsaya da bik a hannu ina neman wuri a cikinta, ta ce, "Mi kike nema? Hili gare ni ya hi gonar ubanki. Shuka inda kika ga dama."

Makonnin farko ta sha tashin zuciya. Bayan nan abin da ta fi tsoro ya zo. Aka ajiye mata tuwo da miyar kuka, man shanu yana ƙamshi, ta yi loma kaɗan ta janye hannu. Ta dubi kwanon, ta dube mu. Ta ce, "Ku yi mini gaisuwa. Kwaɗaina ya rasu. Tun ina yarinya muke tare, bai taɓa saɓa mini ba." Maƙwabciya ta shigo ta ji ana maganar rasuwa, ta fara salati. Gwaggo ta karɓi gaisuwar da fuska a murtuke.

Sai gari ya ɗauka. Wasu suka ce ciwo ne ake ɓoyewa. Wasu suka ce doguwa ce ke shanta. Wadda ta fi ƙona mata rai ita ce masu cewa Sumaila ya daina aike. Kuma wa zai kawo mai jego wurin macen da ke zubewa? Daga nan na lura in za ta fita tana daɗewa a ɗaki, ta fito cif yadda aka san ta.

Ranar awo lokotoro ya duba balas, ya duba fuskarta da ta faɗa, ya sake duba balas. Ya ce, "Mama, ban gane ba. Fuska ta ragu, kilo bai ragu ba. Ko mu ƙara ƙarfin allura?"

Nan haƙurina ya ƙare. Na ce, "Gwaggo, kwance."

"In kwance mi?"

"Ko ki kwance ko in kwance miki."

Ta harare ni, ta juya baya, ta fara warwarewa. Zane ya fito, wani ya biyo, wani ya biyo, har da bargon sanyi da aka naɗe a ƙugu, ana wannan zafin na bazara. Can ƙasa kuma ga ƙullin kanwa, dunƙule guda, ɗaure da igiya. Lokotoro ya riƙe baki. Gwaggo ta hau balas ba ta ko ji kunya ba, ta ce, "Kai rage na ciki, shi na aikinka. Na waje nawa na, da shi nike cin abinci." Ya rubuta kilon gaskiya, ta maida kayanta ɗaya bayan ɗaya, muka fito tana zufa tana gaisa da mutane.

Haka aka yi ta yi. A waje rumbu, a gida tana raguwa. Ba ta zama siririya ba, kada wani ya ƙara gishiri. Ta dai fara zagaya gida da ƙafarta, ta fara kai kanta bakin gudro ba hutawa. Wani ɗan kabu-kabu ya yi ƙarfin hali ya ce, "Gwaggo, yau akwai esansi." Ta ce, "Riƙe abinka, ban saki jakina ba."

Wata la'asar, ina tankaɗe, na ga ta yi alwala ta nufi darbejiya. Ta tsaya ta dubi turmin. Ta sa ƙafa ta ture shi, ya mirgina. Ta shimfiɗa tabarma rabi, ta bar wurin goshi a kan rairayi. Ta tayar a tsaye. Na ajiye rariya. Ta yi ruku'u, ta ɗago, sannan ta fara sauka, gwiwa ɗaya, ɗayar, hannuwa, ina jin ƙarar gaɓoɓinta daga inda nake. Goshinta ya taɓa ƙasa.

Ta daɗe. Ta daɗe har tsoro ya kama ni. Na matsa na ce, "Gwaggo?" Shiru. Na ƙara, "Gwaggo, lafiya?" Sai ta ɗago ta zauna, ta sake komawa. Sauran raka'o'in daga ƙasa ta ƙarasa su, don tashi ya gagara, amma kowace sujada da goshi ta yi ta. Da ta sallame ta juyo, ido jajir, rairayi a goshi, ta ce, "Ke dai ba ki da haƙuri, Zalika. Mun daɗe ba mu gana ba. Da magana." Sannan ta miƙo hannu biyu ta ce, "Zo. Sauka tawa ta, tashi naku na."

Na kai hannu zan share mata goshi, ta buge ni. Ta aika a duba ko Jumma ta bar kasuwa. Ba ta bari ba, aka kira ta. Gwaggo ta zauna da rairayin nan, ko ƙuda ba ta kora da ƙarfi, har Jumma ta shigo da ƙwarya a ka. Gwaggo ta turo goshi gaba ta ce, "Bahillata, mi kinka gani nan?" Jumma ta sauke ƙwarya, ta duba, ta daɗe tana dubawa. Sai ta kai hannu ta matsa dantsen Gwaggo, ta murza, ta ce, "Rumbu ya sha gara. Sauran kaɗan in kai ki ruga ki yi kiwo." Suka zagi juna har magariba. Ban taɓa ganin su cikin farin ciki haka ba.

Daga ranar ba ta ƙara salla a kan turmi ba. Bargon dai ba ta daina ɗaurawa ba in za ta biki, kuma masu jego ba su daina zuwa ba, sai dai ta koma ce musu, "Ku ci, amma ku bar ma gwiwa nata haƙƙi." Da damina ta biyu zazzaɓi ya kama ta, na ƴan kwanaki, Allah ya karɓi abinsa. Maganar ƙarshe da ta yi mini, ta lalubo dantsena, hannun ba ƙarfi, ta ce, "Har yanzu."

Ranar uku Jumma ta zo. Ba ta yi wa kowa gaisuwa ba. Ta ajiye ɗan kwanon man shanu a gabana, ta kama dantsena, ta buɗe baki za ta faɗi maganar nan ta Gwaggo da kuka sani, ta ƙashi rabon kare, ta kasa. Turmin yana nan gindin darbejiya, mun tayar da shi, gero ake dakawa a ciki.

Allah ya jiƙan Gwaggo Habsu. Allah ya karɓi sujadarta, ta ƙasa da ta kan turmi, ya rubuta mata su cikakku yadda ta so. Ba ta taɓa son wuri mai matsi ba. Ya Allah, ka yalwata mata kabarinta.